Masu walda ku taimaka, ramuka na fitowa a ɗinkina

Salamu alaikum manya, ina koyon walda a Suame Magazine nan Kumasi. Rod (sandar walda) 6013 nake sawa, mai kaurin milimita 2.5, wuta wajen amp 80. Daga sama ɗinkin sumul, amma in na kankare dattin da guduma na bi da burushin waya sai ga ƙananan ramuka kamar an tsitsira allura, musamman a fayif galbanaiz, in na matse a bais na lanƙwasa kuma daidai tsakiya yake tsagewa. Na goge bakin ƙarfen da giranda, duk ɗaya. Masta ya ce danshin damina ne ya kama rod ɗin, amma sabon kwali ne fa. Zink ɗin da aka lulluɓe fayif galbanaiz da shi ne, ko rod na yin nisa da ƙarfen? Wallahi ya dame ni, ƙofar mutane ce nake haɗawa.