Bayan tiyatar zoben rage ƙiba: tuwo da nama sun ƙi wucewa, ku me kuke ci?

Uwar Biyu, Kano

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba, ko waɗanda suka yi jinyar mai ita. Tawa ba irin wadda ake yanke tumbi ba ce. Zobe ne na roba aka ɗaure saman tumbin da shi, aka bar wani ɗan abu a ƙarƙashin fatar cikina wanda ake tsira wa allura a ƙara ruwa in za a matse zoben, ko a zare ruwan in za a sassauta shi.

A Alƙahira aka yi min, wata biyar ke nan, saboda ciwon suga da ciwon gwiwa da ya kai ni ga yin sallah a zaune. Alhamdu lillahi aikin ya yi kyau. Makonnin farko ban sha wuya ba: ruwa-ruwa tukuna, sai markaɗaɗɗen abinci, sai mai laushi. Tun da aka ƙara ruwa a zoben karo na biyu ne abubuwa suka canza.

Yanzu loma biyu ta tuwon shinkafa, sai in ji ya tsaya min a ƙahon zuci, nauyin har tsakanin kafaɗuna. Sai wani miyau mai kauri ya cika min baki, daga nan abin ya dawo. Babu tashin zuciya, abin da na haɗiya ne yake fitowa yadda ya shiga. Haka dafa-duka, haka burodi da gurasa. Tsire kuwa na haƙura da shi. Da safe abin ya fi tsanani, ko shayi sai ina kurɓa ina jira. Da yamma yakan ɗan saki.

Abin da ke wucewa lafiya shi ne kunun gyaɗa, koko, fura da nono, shayi mai madara da biskit a jiƙe. A kansu nake rayuwa. To amma nauyina ya daina sauka, awon sugana ya fara hawa, gashina yana zuba, bayan gida kuma sai da ƙyar. Takardar da suka ba ni a can abincinsu ne a ciki, cuku da ful da gasasshen kifi. Babu tuwo, babu ɗanwake, babu komai da ake girkawa a gidana. Surukata kullum tana cewa na raba kaina da abinci da kuɗina, kuma ban da abin da zan ce mata, domin tana ganin yadda nake tashi daga kan tabarma da gudu.

Don Allah a cikin abincinmu na gida, wanne ne ke zama? Kuma tuwo ya tafi ke nan har abada?

Anti Mai Haƙuri, Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da jiki, Allah Ya ƙara afuwa. Nawa zoben ya shekara bakwai, a Indiya aka sa min. Abin da zan faɗa miki na jikina ne, don kowa da nasa. Na san wadda take cin taliya lafiya lau, ni kuwa har yau ba ma shiri da ita.

Ki riƙe wannan: duk abin da in kin murza shi a tafin hannu zai dunƙule, haka zai dunƙule a bakin zoben. Tuwon shinkafa, sakwara, funkaso, alkubus, gurasa, burodi sabon gashi, duk gidansu ɗaya. Burodin nan in kin yanka shi siriri kin gasa ya yi ƙamas, zai wuce, saboda rugujewa yake yi a baki. Tuwo bai tafi har abada ba. Ni ina cin na masara da na dawa, loma ƙarama wadda ba ta cika ƙaramin cokali ba, miyar ta fi tuwon yawa. Kuka da kuɓewa su ne abokan tafiya, yauƙinsu yana taimakawa ƙwarai. Sai dai wannan al'adar tamu ta jefa loma a haɗiye ba tauna, ita ce za ki bari. Tuwo ma taunawa za ki yi.

Nama kuma bushewa da zare-zare ne matsalarsa. Tsire, kilishi, balangu, soyayyen naman layya, ganda, ƙirjin kaza, ki ɗaga musu ƙafa yanzu. Dambun nama ki yi hattara da shi musamman, ido yana ganinsa da laushi amma a bushe yake, curewa yake yi wuri ɗaya. Abin da ke zama min shi ne niƙaƙƙen nama a cikin miya, cinyar kaza da aka dafa har ta saki ƙashi, hanta da ba ta dahu ta ƙandare ba, da farfesun tarwaɗa. Kifi dai shi ne ya rufa min asiri a shekarar farko, har sardin na gwangwani. Ƙwai ki soya shi da laushi da ɗan tumatir. Dafaffe gwaiduwarsa na iya tsayawa. Alala tana da kyau sosai, da faten wake in an surfe an cire dusar, da awara in ba a soya ta ta yi tauri ba, da kindirmo ba sukari. Ɗanwake yana da danƙo, sai na raba kowane ɗaya gida huɗu, kuma ba kullum yake yarda ba.

Gwanda, kankana, ayaba da fiya ba su taɓa ba ni matsala ba. Lemon zaƙi ki shanye ruwan ki tofar da fatar. Abarba, mangwaro mai zare, kwakwa, aya, gugguru da dafaffiyar masara ki bar su. Zogale da alayyafo a yanka ƙanana, a cire itatuwan, a dafa su yi lugub.

Wani abu da babu likitan da ya faɗa min: cin abinci a tire ɗaya da mutane. Hannuwa suna kai da kawowa, ke ma ba ki sani ba sai ki bi saurinsu. Ki riƙa zuba naki a ƙaramin faranti, ko a gidan biki ne. In an yi magana ki ce likita ne ya ce, kuma gaskiya kika faɗa.

Sista Nas, Ingila

Hajiya sannu. Ina aiki a sashen da ake kula da masu irin wannan tiyatar, kuma duk abin da Anti ta lissafa haka muke gani. Amma akwai magana ɗaya a rubutunki da ta fi jerin abinci muhimmanci a wurina: kin ce ko shayi da ƙyar yake wucewa da safe, kuma abinci yana dawowa kusan kullum. Wannan alama ce ta zoben ya matse fiye da kima. Ba a gyara shi da sauya abinci, sai an zare ɗan ruwa daga ciki. Wani lokaci rabin mililita kawai ake ragewa mutum ya ji kamar an sauke masa kaya.

Zoben kamar mazurari yake. Aljihun da ya bari a sama bai wuce mililita 15 zuwa 30 ba, wato cokalin cin abinci ɗaya zuwa biyu. Ruwa zuba yake yi ya wuce, bai tsaya ba balle ki ji ƙoshi. Abinci mai jiki da aka tauna sosai shi ne ke bi a hankali, shi ne kuma ke kashe yunwa na sa'o'i. Shi ya sa kunun gyaɗa da fura da shayi mai madara suke miki daɗi amma nauyi ya tsaya, suga ya hau: gero da shinkafa da sukari suna shiga ba shamaki. Mai zobe hanjinsa ba a taɓa shi ba, duk abin da ya wuce jiki zai tsotse shi tas. Mutane da yawa suna zaton ƙarin matsi shi ne ƙarin rama, alhali zoben da ya yi tsanani shi ke kora mutum wajen kayan zaƙi masu ruwa.

In an sassauta miki, ki fara kowane ci da abin gina jiki, kifi ko ƙwai ko wake ko nama mai laushi, sannan ganye, tuwo ko shinkafa a ƙarshe in da sauran wuri. Ana son giram 60 zuwa 80 na furotin a rana. Ƙwai ɗaya yana da kamar giram 6, kifi giram 100 yana da kamar 20. Zubar gashi a watannin nan sananne ne bayan tiyata kuma yakan tsaya, amma ƙarancin furotin da na sinadarin ƙarfe yana ƙara shi, don haka a duba jininki. Ki tauna kowace loma kamar sau 20, ki ajiye cokali ki ɗan jira kafin ta gaba, bayan minti 20 ki tashi ko da saura. Kada ki kora da ruwa. Ki bari sai bayan minti 30, sannan ki yi ta kurɓa tsakanin abinci har ki kai lita 1.5 zuwa 2 a yini, wannan zai taimaka wa bayan gidan. Lemon kwalba mai gas ki bar shi. In abu ya tsaya, kada ki tura shi da ruwa ko wata loma. Ki miƙe ki ɗan zaga, sannan ki koma ruwa-ruwa na yini guda don wurin ya huce, saboda kumbura yake yi.

Ki nuna wa likita ƙwayoyinki. Manya suna iya tsayawa, kuma akwai waɗanda ba a dakawa. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac suna cin tumbi, ki tambaya kafin ki sha don gwiwar.

Abubuwan da ba a kwana da su a gida: in ko miyau ya ƙi wucewa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciwo mai tsanani a saman ciki, ko jini a amai, ko wurin allurar ya yi ja ya kumbura. Amai na makonni yana ƙarar da bitamin B1 a jiki, kuma rashinsa yana taɓa ƙwaƙwalwa da ido da tafiya. Sannan kada ki bari a tsira miki allurar yau da kullum a wurin nan. Akwai tata ta musamman, ana ce mata Huber, wadda ba ta ɓarke robar. Ba sai kin koma Masar ba, akwai likitocin wannan fanni a Abuja da Legas. Ki tafi da takardunki masu nuna irin zoben da yawan ruwan da ke ciki.

Baban Yara, Sakkwato

Hajiya ki ji maganar Sista. Maiɗakina haka ta yi ta fama, fura da kunu kawai, muna cewa ai haka aikin yake. Daga baya ta fara tari cikin dare, ruwa mai tsami yana taso mata har hanci tana barci. Da aka ba ta wani farin ruwa da ake sha kafin hoton ciki, ta sha aka ɗauki hoto, sai aka ga zoben ya zame, tumbin ya turo ta samansa. Likita ya ce yawan aman yana cikin abin da ke jawo haka. Cire shi aka yi. Ni a ganina ma in da hali ki cire ki huta. An ce mana a 2001 Amurka ta amince da shi, aka yi ta rububinsa, amma yanzu likitoci sun fi karkata ga yanke tumbi saboda yawan waɗanda ake sake yi wa aiki.

Anti Mai Haƙuri, Kaduna

Alhaji Allah Ya ƙara wa Hajiya lafiya. Gaskiya ne an rage sa shi, amma kada mu tsorata yarinyar nan. Wata biyar ne kawai, ko daidaita mata shi ba a gama ba. A fara rage ruwan a gani. Maganar cirewa ta likitanta ce bayan ya duba.

Uwar Biyu, Kano

Na gode Anti, na gode Sista, Alhaji Allah Ya saka da alheri. Tarin dare kam na fara yinsa a 'yan kwanakin nan, ban kawo yana da alaƙa da zoben ba. Maigida ya ce mu shirya Abuja cikin makon nan. Yau da rana na ci alala da ɗan romon kifi, a faranti ni kaɗai, kuma ta zauna. Saura tambaya ɗaya Sista: azumi fa? Raina yana son in yi.

Sista Nas, Ingila

Hajiya tarin daren nan ki faɗa wa likitan tun kafin ya tambaya, wataƙila ya so ɗaukar hoto kafin ya taɓa zoben. Kafin ku tafi ki daina cin komai awa 3 kafin kwanciya, ki ɗaga kanki da matashi biyu.

Azumi kuma, likitoci da yawa suna ba da shawarar a ɗaga shi a shekarar farko bayan tiyata, ke kuma ga suga a kai. Wahalar ita ce ruwa: mai zobe ba ya iya kwankwaɗa, kuma tsakanin magariba da asuba sai kin raba lokaci tsakanin ci da sha tunda ba a haɗa su. Ki tambayi likitanki, ki tambayi malami, rangwamen mara lafiya yana nan a Suratul Baƙara. In an ba ki izini nan gaba, ki buɗe baki da ruwan ɗumi, dabino ki ɓare fatarsa ko ki jiƙa shi, ki yi sallah, sannan ki zauna cin abinci a natse. Ƙosai da soyayyen dankali da aka ɗauka da yunwa a minti na farko su ne suka fi tsaya wa mutanenmu. Da sahur zoben yana iya kasancewa a matse kamar yadda kike ji da safe, don haka kindirmo da ƙwai mai laushi sun fi ɗumame. In kina kan insulin ko ƙwayar da ke saukar da suga da ƙarfi, dole a sake miki awon maganin kafin ki ɗauki azumi ko guda ɗaya.