Sabunta manhajar cikin rauta da suwic: ta ina ake farawa?

Mai tambaya, Gombe:
Assalamu alaikum. An damƙa mini kula da na'urorin sadarwar ofishinmu, waɗanda suka haɗa da suwic (na'urar da ke haɗa kwamfutocin ofis da juna) na kamfanin Cisco a hedikwata da rautoci (na'urorin da ke haɗa ofis da intanet) na kamfanin MikroTik a rassanmu na Kumo da Billiri, kuma na tarar an yi shekaru ba a sabunta manhajar cikinsu ba. Shugabana yana ganin tunda suna aiki a bar su. Wace shawara za ku ba ni?

Injiniya, Bauchi:
Wa alaikumus salam, Malam. Barinsu haka yana da hatsari, domin a 2018 an gano ɓaraka a Winbox, wato manhajar da ake saita na'urorin MikroTik da ita, ɓarakar da ta ba ɓarayin intanet damar kwashe kalmomin sirri daga rautocin MikroTik, aka toshe ta a zubi na 6.42.1 na RouterOS, wato manhajar cikin rautocin MikroTik, amma waɗanda ba su sabunta ba suka ci gaba da zama a buɗe. Ka nuna wa shugabanka wannan. Kafin ka taɓa komai, ka ajiye kwafin saitin kowace na'ura a kwamfutarka, ka karanta bayanin da kamfanin ya fitar game da sabon zubin, sannan ka tabbatar lambar tantance fayil ɗin da ka sauke, wadda ke nuna bai lalace ba, ta yi daidai da wadda ke shafinsu. Ka fara da na'ura ɗaya wadda tsayawarta ba za ta dakatar da aiki ba, ka ba ta mako guda kana lura da ita kafin ka taɓa sauran.

Tsohon ma'aikaci, Gombe:
Abin da na fi jin tsoro shi ne wuta. Na taɓa rasa suwic saboda an ɗauke wuta yana tsakiyar rubuta manhaja, batirin inbata kuma ya riga ya mutu ban sani ba. Yanzu sai na tayar da janareto na gwada batir tukuna. Rassan nan kuwa, ɗan'uwa, kada ka sabunta su daga nesa sai akwai mutum a wurin riƙe da kebul ɗin konsol, wato wayar da ake jona kwamfuta da na'urar kai tsaye da ita.

Injiniya, Bauchi:
Gaskiya ne, ranka ya daɗe. A MikroTik kuma, bayan RouterOS akwai RouterBOOT, wato ƙaramin tsarin da ke tayar da na'urar idan an kunna ta, wanda ake sabuntawa daban sannan a sake kunna na'urar.

Mai tambaya, Gombe:
Na gode ƙwarai. Zan fara da suwic ɗin ɗakin taro ranar Asabar da safe, in Allah ya yarda.