Mai ƙanjamau ya kamu da tarin TB da korona a lokaci guda: da wane magani za a fara?

Ummi_K: Assalamu alaikum. Mutum ne mai ƙwayar HIV, bai fara shan magani ba, tari da zazzaɓi sun kai sati uku, ga rama. Gwajin korona ya nuna yana da ita, kuma ana zargin TB. Da wanne za a fara, kuma akwai magungunan da ba sa jituwa?

Malam Sabo: Wa alaikumus salam. Kada sakamakon korona ya rufe muku ido. Korona kan taso cikin 'yan kwanaki, amma tarin sati uku da rama da gumin dare aikin TB ne sai in gwaji ya kore shi. A kai majina gwajin GeneXpert, wanda ke nuna har ko ƙwayar ta bijire wa rifampicin, ɗaya daga manyan magungunan TB. Idan CD4, wato adadin ƙwayoyin garkuwar jiki da HIV ke kashewa, ya yi ƙasa da 200 ko jiki ya yi tsanani, a haɗa da gwajin fitsari na LAM, domin irin waɗannan marasa lafiya sau da yawa majinarsu ba ta nuna komai.

In an tabbatar, maganin TB ne gaba. Wata 2 na farko magani huɗu: rifampicin, isoniazid, pyrazinamide da ethambutol, sai wata 4 na rifampicin da isoniazid. Maganin HIV ya biyo baya cikin sati 2, ko nawa ne CD4. Sai fa idan TB ta taɓa ƙwaƙwalwa, wato sanƙarau na TB. Nan ana jinkirtawa sati 4 zuwa 8. A kowane hali, a ba marar lafiyar cotrimoxazole, maganin kariya daga wasu cututtukan, 960mg kullum, da bitamin B6 saboda isoniazid na iya sa ƙafafu zugi da rashin jin taɓi.

Hajiya Asabe: Malam Sabo ya yi bayani, amma inda aka fi yin tuntuɓe shi ne rifampicin. Yana zaburar da hanta ta riƙa narkar da wasu magunguna da sauri, sai ƙarfinsu ya ragu a jini. Shi ya sa mai shan dolutegravir, wani maganin HIV, zai sha 50mg sau biyu a rana maimakon sau ɗaya, kuma ya ci gaba da hakan har sati 2 bayan gama rifampicin. In aka manta, HIV na iya samun kafar bijire wa magani.

Paxlovid kuwa, maganin korona, sam ba a haɗa shi da rifampicin. Dakatar da maganin TB na kwana biyar don a ba da shi ma ba dabara ba ce: tasirin rifampicin a hanta na ɗaukar kusan sati 2 kafin ya kau, an yi asarar duka biyun ke nan. Likita ya duba remdesivir, wani maganin korona, a madadinsa. Dexamethasone 6mg, har zuwa kwana 10, maganin rage kumburi ne na mai korona da ke buƙatar iskar oksijin kawai, shi ma rifampicin na rage masa ƙarfi.

Ummi_K: Na gode, Hajiya. To in jiki ya ƙara rikicewa bayan an fara maganin HIV fa?

Malam Sabo: Yana faruwa, musamman ga mai CD4 ƙasa sosai. Garkuwar jiki ce ta farfaɗo ta far wa ƙwayoyin TB, sai zazzaɓi ya dawo, kaluluwa ta kumbura. IRIS ake ce masa. Yawanci ba a dakatar da ko ɗaya daga magungunan, prednisone, maganin rage kumburi, ake ƙarawa, bayan an tabbatar ba wata cuta ce ta shigo ba, kamar nimoniyar PCP, ciwon huhun da kan kama masu raunin garkuwa, da ke kama da korona ƙwarai a hoton ƙirji.

Fitsari ya yi ja-ja, aikin rifampicin ne, ba abin tsoro ba. Amma ido ya yi rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, hanta ce, a koma asibiti a ranar. Haka ma idan na'urar da ake maƙalawa a yatsa ta nuna oksijin ƙasa da 94. In ya faɗi ƙasa da 90 kuwa, kwantarwa ce ba jira.