Ta yaya Sarkin Faransa ya tattare mulki duka a hannunsa?

Ɗan Ringim:
Assalamu alaikum jama'a. Ina koyar da tarihi a wata sakandare a ƙauyenmu. Jiya bayan la'asar ina zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida ina haɗa darasi kan Luwis na 14, Sarkin Faransa, sai wani abu ya tsaya mini a rai. An naɗa shi a 1643 yana ɗan shekara huɗu. Manyan ƙasar, masu filaye da dakaru, suka yi tawaye daga 1648 zuwa 1653, har sai da aka fice da yaron daga Faris cikin dare. To yaya aka yi wannan yaro ya shekara 72 a gadon sarauta, ba mai iya ce masa a'a? Ba na son in tsaya gaban ɗalibai in yi ta jera musu shekaru kawai.

Tsohon Hedimasta:
Wa alaikumus salam, ɗana. Amsar tana kusa da kai. Da wazirinsa Mazaran ya rasu a 1661, Luwis ya ƙi naɗa wani, ya ce shi zai riƙe komai. A 1682 ya mayar da fada Bersai, wani gari kusa da Faris, ya jawo manyan nan kusa da shi. Mai neman muƙami ko kyauta dole a riƙa ganin fuskarsa a fada kullum, dukiyarsa kuwa ta ƙare a sutura da caca. Larduna kuma sai ya tura musu wakilansa, waɗanda shi ya ɗaga su, kuma ranar da ya ga dama zai sauke su. Wanda ba shi da gadon da zai jingina da shi ba ya yi wa ubangidansa gardama.

Ka tuna, kafin zuwan Turawa hakiman Kano a birni suke zaune kusa da Sarki, jakadu suke turowa ƙauyuka. Kakata ta sha ba mu labarin ranar saukar jakada: a share zauren mai gari, a yanka zakara, a buɗe rumbu a yi ta aunar gero, mata na leƙe ta katangar zana ba mai cewa uffan. Fara darasinka da wannan, yaran za su gane Bersai.

Uwar Biyu:
Baba Hedimasta, Allah ya ƙara lafiya, amma a gaya wa yaran wanda ya biya kuɗin. Babban harajin ƙasar ba ya hawa kan manya da malaman coci, manomi ne ke ɗauka, ga harajin gishiri a kai. Yunwar 1693 zuwa 1694 ta kashe mutane birjik, sarki kuwa yana can yana yaƙi. Majalisar ƙasa da za a kai wa kuka ba a kira ta ba tun 1614 sai a 1789. Ni 'yar manomi ce, na san yadda zuciyar magidanci take in rumbu ya yi ƙasa tun damina ba ta faɗi ba. Nan Kano ma Sarki Kumbari ya tsananta haraji a kasuwar Kurmi har fatake suka koma Katsina.

Mai Keken Ɗinki:
Malam, kada yara su ɗauka ko'ina dabarar ta ci. Calis na 1 na Ingila ya yi shekara 11 yana mulki ba majalisa, ƙarshenta a 1649 aka sare masa kai. Kuma ni ban yarda a daidaita sarakunanmu da Luwis ɗari bisa ɗari ba. Muhammadu Rumfa ya gina fada, ya ba babanni manyan muƙamai, amma shi ne ya kafa Tara ta Kano, wato majalisar manyan masu sarauta tara masu ba Sarki shawara, kuma Shehu Magili ya rubuta masa nasiha kan yadda sarki zai bi shari'a.

Ɗan Ringim:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, da labarin jakadan zan buɗe ranar Litinin. Akwai jikan mai garinmu a ajin, zan ce ya tambayo kakansa gidan wane hakimi ake kai geron ƙauyenmu.