Masu matsalar daskarewar jini ta gado, ku zo ku ba mu labari

Ɗan Auta: Salam jama'a. Yayana shekararsa 41, wata uku da suka wuce ya samu bugun zuciya, gudan jini ne ya toshe jijiyar da ke ciyar da zuciyar, Alhamdulillah ya tashi. To a gwaji sai aka ce furotin S ɗinsa (wani sinadari a jini da ke taimakawa wajen hana shi daskarewa) ya yi ƙasa kuma wai ana gadon abin. Tun ranar bana barcin kirki wlh, mu ƙannensa ma haka za ta same mu kenan?

Maman Biyu: Allah ya ƙara sauƙi ƙanina. Yaushe aka ɗebi jinin, kuma yana shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, lokacin? Don ni bayan haihuwa ƙafata ta hagu ta kumbura ta yi zafi ko takalmi baya shiga, aka ɗora ni kan warfarin sannan aka gwada aka ce S ɗina ya yi ƙasa, na sha kuka ba kaɗan ba, ashe maganin da kansa yana saukar da furotin C da S, ciki ma yana saukar da S ɗin. Da na gama magani aka sake, lafiya lau.

Anti Babba: Ni kam nawa tabbas ne, wata matsalar daskarewar jini ce ta gado mai suna Factor V Leiden, wanda aka gano a 1994 a Leiden ta ƙasar Holan. Wajen kakata na kwaso, Baturiya ce, dama a Turawa ya fi yawa, kusan 5 cikin 100, a baƙar fata da wuya. Yadda likitana ya min bayani, furotin C shi ne birkin daskarewar jini, S yana taya shi, ni nawa jinin baya jin birkin sosai. Amma ya nanata min irin wannan gadon ya fi taɓa jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya, musamman na ƙafa, daga nan gudan yana iya tafiya huhu. A bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki ƙarin haɗarin kaɗan ne, sigari da hawan jini da suga da kitse a jini su ne manyan. Ya hana ni ƙwayar tsarin iyali mai sinadarin istrojin dai.

Ɗan Auta: Anti kin taɓo wajen, yana shan sigari sosai. Aspirin aka bashi ba warfarin ba, amma washegarin kwantar da shi aka ɗebi jinin.

Maman Biyu: Sabon gudan jini ma yana iya saukar da furotin S ɗin. Yayan naka ya roƙi likitansa a sake gwajin yanzu da jiki ya lafa, kar ya daina ko ƙwaya ɗaya da kansa fa.

Ɗan Auta: Zan raka shi da kaina insha Allah, ni ma a auna min hawan jini da suga.