Neman shawara: In bi ƙungiyar tattaki hawan dutsen Kinder ranar Asabar ko in haƙura?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kwana uku ke nan ina rubutawa ina gogewa.

Shekarata ɗaya da wata huɗu a Manchester. Maigida na biyo, yana karatu da rana, wasu ranakun kuma aikin dare. Ni a gidan yawa na tashi a Kano, mu goma sha bakwai a tsakar gida ɗaya, ko tari ka yi sai an sami mai ce maka sannu. Nan kuwa ɗaki biyu ne a hawa na uku, tagar ma bangon wani gini take kallo. Hunturun bara na sha wuya. In na kai Ilham makaranta na dawo sai in zauna a bakin gado da mayafina a jiki har lokacin ɗaukota, ga kuka ba dalili. Likita ta rubuta min bitamin D, ta ce in riƙa fita ina tafiyar ƙafa.

Maƙwabciyata, wata dattijuwa Baturiya, ita ta haɗa ni da ƙungiyarsu ta masu tattaki. Duk Asabar suna haɗuwa a tashar Piccadilly, su hau jirgin ƙasa zuwa ƙauye, su wuni suna tafiya, da yamma su dawo. Watan jiya na bi su ƙauyen Edale, tafiyar kamar minti 45. Akwai wani dogon rami da jirgin ke shiga, duhu ɗif, yana fitowa sai ga kwari kore shar, tumaki a warwatse, katangun duwatsu sun hau tudu sun sauko. Wallahi sai da hawaye ya zubo min. Rabona da in ga sarari haka tun hanyar Ɗambatta.

Mu goma sha huɗu ne. Muka hau wani dutse da ake kira Mam Tor. Da abaya da kambas na je, kafin mu kai sama gindin abayar ya sha taɓo ya yi nauyi, safata ta jiƙe, ni ce ta ƙarshe, wani tsoho yana jirana a duk ƙofar shinge. Azahar ta wuce ni saboda na ji nauyin tsayar da mutane. Da muka sauko suka shiga mashayar ƙauyen shan shayi da abin da suke sha, ni na ce zan jira a tasha. Na zauna ni kaɗai kusan awa guda ina karkarwar sanyi. Duk da haka daren nan na yi barcin da ban taɓa yi ba tun zuwana ƙasar nan.

Matsalar, sun sa hoton tafiyar a Facebook, ya zaga har ya kai wurin dangin maigida. Yanzu Asabar mai zuwa, ƙarshen Nuwamba, za su hau Kinder Scout, mil 9 suka ce, kuma na riga na yanki tikiti. In je ko in haƙura?

Maman Hanif:
Wa alaikumus salam. Allah sarki, Allah ya yaye miki. Amma ba ki faɗa mana abin da shi maigidan ya ce ba. Ya hana ne ko bai hana ba?

Anti Nas:
Ƙanwata, saurare ni da kyau. Shekarata 14 a Sheffield, wannan layin jirgin da ya ratsa Grindleford, Hathersage, Bamford, Hope da Edale na san shi kamar yunwar cikina. Fitar da kika yi daidai ce, kada kowa ya sa ki jin kin yi laifi. Amma Kinder a ƙarshen Nuwamba da kambas da abaya, a'a, ban yarda ba. Mam Tor mita 517 ne, an shimfiɗa masa duwatsu a hanya, yara ma suna hawa. Kinder mita 636, shi ne mafi tsawo a duk yankin Peak District, kuma ba tsawon ne abin tsoro ba. Samansa fili ne shimfiɗaɗɗe na baƙar laka, ki taka wuri ki ga kamar ƙasa ce sai ƙafa ta nutse har gwiwa. Hazo in ya sauko ba kya ganin wanda ke gabanki da taku goma. Kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi. Ba hawan Dala ba ne da za ki bi matakala ki leƙa gari ki sauko. In ta Jacob's Ladder za su bi, wato doguwar matakalar duwatsun nan da ake bi a hau Kinder, wannan hawan kaɗai zai cinye miki numfashi, ke da kika ce ke ce ta ƙarshe a Mam Tor. Ki bar wannan, ki jira tafiyar cikin kwari, irin ta Hope zuwa Castleton.

Maman Ilham:
Anti na gode. Amma kasancewata ta ƙarshe abayar ce ta jawo, ba rashin ƙarfi ba. Ni da nake tafiya daga Gwammaja zuwa kasuwar Kwari a ƙafa. Kuma jagoran ya ce ba sa barin kowa a baya.

Malam Abu Yasir:
'Yar uwa, Allah ya ba ki lafiya. Ni maganar sallar ce ta tsaya min. A ƙarshen Nuwamba azahar tana shiga wajen ƙarfe 12, la'asar kafin 2, magariba kafin 4. Ke nan salloli uku ne za su same ki a waje. Kada kuma wani ya ce miki ke matafiya ce. Tafiyar ƙasaru a mazhabarmu mil 48 ce, daga Manchester zuwa Edale bai kai rabin haka ba. Sannan ga cuɗanya da maza, ga zama kusa da inda ake shan giya. Shawarata ki nemi wurin shaƙatawa kusa da gida, ki riƙa zagayawa ke da 'yarki ko da maigidanki. Lafiyar za ta samu, addini kuma ya tsira.

Anti Nas:
Malam, da girmanka, sallar ba ta hana tafiya. Na yi salla a kan Mam Tor, na yi a gefen hanyar Stanage, ban taɓa rasa lokaci ba. Ki yi alwala a gida ki sa safa, akwai banɗaki a wurin ajiye motoci na Edale in ta karye. Ki sayi 'yar sallayar leda mai naɗewa ta shiga aljihu. Lokacin cin abincin rana ki koma gefe, minti biyar kin idar. Ki gaya wa jagora tun a jirgi, mutanen nan ba sa damuwa, wata rana ma wata ce ta tsaya ta tare min iska da jikinta. Laifinki ɗaya, kunyar da kika ji. Zancen zagaya fili kusa da gida kuwa, wanda bai yi hunturu a ɗaki shi kaɗai ba ba zai gane bambancin ba. Ina ganin matanmu, ba sa neman taimako sai abin ya ci su.

Baban Sadiq:
Ni jirgin ne ma ba na yarda da shi. Bara na kai iyali Hathersage, da yamma muka dawo tasha aka ce an soke jirgi, na bayansa ma aka soke. Ƙananan tashoshin nan kusan awa guda ne tsakanin jirgi da jirgi. Muka tsaya da yara uku cikin ruwan sama, ƙaramin yana kuka, wayata saura kashi huɗu. Ƙarshe tasi muka kira, kuɗin da na biya ya fi na cefanen sati. Na cika takardar neman a mayar min da kuɗi, sai da na yi wata biyu ina bi. Tun daga nan na ce ni da ƙauyen Ingila sai a mota.

Ummu Safwan:
Ke kin ma ji daɗi da har kika taɓa zuwa. Ni shekara uku a Bradford, ko kanti sai an raka ni. Da na ce zan shiga ajin koyon Turanci na mata zalla sai da aka kira gida aka yi zama a kaina. Kullum ana cewa a yi haƙuri, to haƙurin har yaushe? Ki je kawai 'yar uwa, ki je har da rabona.

Hajiya Babba:
Ummu Safwan, ba a ba da shawara da zafin rai. Maman Ilham 'yata, tambayar da aka yi miki tun farko har yanzu ba ki amsa ba. Me mijinki ya ce? Kuma wa zai riƙe yarinyar ranar, in ya kwana a wurin aiki? Aure ba a wasa da shi saboda yawon dutse. Hoton da ya kai gida, ki san ba a nan zai tsaya ba, gobe ke za a kira marar kamun kai, ba za a ce likita ce ta sa ki ba.

Maman Ilham:
Hajiya bai hana ba. Da na nuna masa tikitin cewa ya yi "duk yadda kika gani". Wancan karon ma shi ya riƙe Ilham. Yayarsa ce ta kira shi a kan hoton, ban san me ta faɗa ba, ya dai yi kwana biyu ba ya sakin fuska. Kuma a hoton ina can gefe da hijabina, tsakanina da namiji akwai mata uku. Mafi yawansu ma sun haifi babata.

Hajiya Babba:
"Duk yadda kika gani" a bakin namiji ba izini ba ne, 'yata. Kin fi ni sanin haka.

Anti Nas:
Hajiya, in bai so ya buɗe baki ya faɗa, ba yaro ba ne. Ƙanwata, koma kan kaya, don su ne za su cuce ki kafin dangin miji. Takalmin hawan dutse mai riƙe idon sawu, wanda ruwa ba ya shiga, kuma ki fara sa shi a cikin gari kwana da kwanaki kafin ki hau da shi, in ba haka ba ƙafa za ta yi bororo. Wando mai kauri, doguwar riga iya gwiwa a kai, rigar ruwa mai hula, hijabi ƙarami da za ki cusa cikin rigar don iska kada ta yi ta fizgarsa. Ban da atamfa da duk kayan auduga, in sun jiƙe ba sa bushewa, sanyi suke riƙewa. Tocilar goshi, fulas ɗin shayi, dabino, safa ta canji. In wani abu ya faru 999 za a kira, a nemi 'yan sanda, a ce ana son masu ceton kan dutse, su kuma 'yan sa kai ne da ke barin gidajensu su fito, ga shi ba ko'ina waya ke kamawa a can sama ba. Duk wannan ba ya haɗuwa daga yau zuwa Asabar. Kuma ki sani, hanyoyin nan ba alfarma ake miki ba. A 1932 ma'aikata daga Manchester suka hau Kinder ɗin nan da gangan lokacin masu ƙasa sun hana, aka ɗaure biyar daga cikinsu. A 1951 yankin ya zama gandun ƙasa na farko a Birtaniya. Dutsen ba gudu zai yi ba, yana nan har bazara.

Maman Ilham:
Anti takalmin na duba, kuɗinsa ba na yanzu ba ne, kin san yadda ake da kuɗin haya. Maƙwabciyar ta ce za ta ara min na 'yarta, lamba ɗaya ya fi ƙafata, zan sa safa biyu. Kuma in na ce sai bazara, ai hunturun ne matsalata. Bazara ba na buƙatar kowa.

Ɗan Zariya:
Maman Ilham, shekarunki nawa? In ba ki wuce 30 ba akwai katin ragi na 'yan 26 zuwa 30, ana cire miki kashi ɗaya cikin uku na kuɗin jirgi. Sannan akwai Muslim Hikers da Haroon Mota ya kafa a 2020, suna shirya tafiya a Peak District, ana tsayawa salla, mata masu hijabi da yawa, ba zancen mashaya. Sai dai wuri yana saurin cika kuma ana biya. Ni na bar bin ƙungiyar unguwarmu ne saboda karnuka. Wani ya daka min tsalle a ƙirji da laka, mai shi tana dariya wai yana sona ne. Da wannan rigar zan yi salla?

Maman Ilham:
Shekarata 29, na gode da zancen katin, ban sani ba. Amma waccan ƙungiyar ban san kowa a ciki ba. Waɗannan sun san sunana, tsohon nan har ya koyi cewa "sannu". Kare ɗaya ne a cikinmu kuma a ɗaure yake.

Malam Abu Yasir:
To ai kin riga kin yanke hukunci, 'yar uwa. Ki yi istihara dai.

Anti Nas:
Takalmin aro mai girma a kan Jacob's Ladder, targaɗe kike nema. Turo min lambar ƙafarki ta akwatin sirri, ina da guda biyu. In jirgin safe za ku hau, zan iya tarar ki a Edale daga ɓangaren Sheffield, mu bar su su hau, ni da ke mu bi ƙasa zuwa ƙauyen Barber Booth mu dawo.

Maman Ilham:
Anti Allah ya saka da alheri, lamba 39 nake sawa. Amma in na je har Edale na ga sun kama hanyar sama, ban san ko zan iya juyawa ba. Maigida ya shigo yanzu, bari in zuba masa abinci.

Maman Hanif:
Ki tambaye shi kai tsaye yau ɗin nan, ki dawo ki gaya mana.

Ummu Safwan:
Maman Ilham? Yau Alhamis fa.