Ƙafata na rawa a kan ƙanƙara: mai koyarwa zan biya ko gidan motsa jiki?

Sadiƙu Bursa: Salamu alaikum. Na fara koyon zamiyar ƙanƙara a dutsen Uludag da ke Turkiyya. Birki na haɗa kan allunan zamiya biyu da ake ɗaurawa a ƙafa na iya, amma da an ce in karkata su ƙarfen gefe ya ciji ƙanƙara, sai ƙafar hagu ta ɗau rawa, cinyoyi su ɗau zafi. Kuɗina na abu ɗaya ne: ko in biya mai koyarwa a hutun ƙarshen Janairu, ko in shiga gidan motsa jiki in bari sai baɗi. Gwiwata ƙalau take, ban taɓa jin rauni ba.

Ɗan Gwammaja: Je ka a duba maka gwiwar tukuna, ƙila tsohon targaɗe ne.

Na Zariya: Wanda siniyoyi suka sa tsallen kwaɗo a makarantar kwana ba ya wannan kukan. Jeka-ka-dawo ka yi ko?

Maman Hanifa: Ƙanina, zafin cinyar nan yawanci daga tsayuwa yake. Mai koyo yakan zauna baya don tsoron gangara, sai cinya ta ɗauke nauyin duka. Ƙwaurinka ya riƙa danna harshen takalmin, kuma karkatawar daga idon sawu da gwiwa take farawa, kafaɗa ba ruwanta. A ɗakinka ma za ka iya: jingina da bango kamar kana kan kujera na daƙiƙa 30 zuwa 45, tsuguno ka miƙe, tsayuwa da ƙafa ɗaya kana goge haƙori, da ɗaga ƙafa kana kwance ta gefe don naman kwatangwalo. Ka fi ba hagun aiki. Kuɗin ka ba mai koyarwa.

Baffa Erzurum: Ni aboki ne ya ce zai koya min kyauta a dutsen Palandoken. Shagon haya ba su tambayi nauyina ko tsayina ba, suka ɗaure min maƙalin da ke riƙe takalmin a kan allon tamau. Na faɗi ta baya, allon ya ƙi sakin ƙafar, na ji ƙas a cikin gwiwa. Jijiyar tsakiyar gwiwa ce ta tsinke. Aka yi aiki, na yi zango guda da sanduna, ɗakina a hawa na huɗu babu lifta. Har yau a kujera nake sallah idan sanyi ya tsananta. Sadiƙu, don Allah ka tsaya a kansu su saita maƙalin a gabanka.

Sadiƙu Bursa: Subhanallahi, Allah ƙara sauƙi Baffa. Nawa ne awa ɗaya ta mai koyarwa?

Ɗan Gwammaja: Lira 1,500 na biya.

Hafsa Kayseri: A ina? Ni a dutsen Erciyes kusan ninkin haka aka ce min, ban da hayar kayan zamiya da katin na'urar hawa dutsen.

Ɗan Gwammaja: Cikin rukuni ne, kuma bara.

Hafsa Kayseri: To ka faɗa mana! Da yadda lira ke faɗuwa, farashin bara ai tarihi ne.

Na Zariya: Hajiya Maman Hanifa, ke kin taɓa hawa dutsen ko daga littafi ne?

Maman Hanifa: Gashin ƙashi nake karanta, kuma irin su Baffa muke gani a asibiti duk hunturu. Kai da ka hau, me ka ba shi ban da tsallen kwaɗo?

Baffa Erzurum: Abin da ya fi min ciwo inshora ce. Wadda muke saya don takardar zama, da na kai musu rasit sai suka nuna min layin da ya cire wasanni masu haɗari. Gida aka sayar da fili aka turo kuɗin.

Hafsa Kayseri: Ni ko haƙori sun ƙi biya min. Dillalin da ya sayar mana bai fassara mana ko shafi ɗaya ba, sa hannu kawai ya ce mu yi.

Sadiƙu Bursa: Yanzu na ɗauko tawa, duk Turkanci ce da ƙananan rubutu. Wane shafi zan duba, Baffa?